Koyar da Falsafar Gini ga Ɗaliban Digirin Farko

Sanin kowa ne, galibin malaman da ke koyar da falsafar gini a jami'a sukan fara da Bitirubiyas, wani masani Baroma wanda ya rubuta littafi mai kashi 10 a zamanin Sarki Agustas. Shi ne ya ce gini nagari yana bukatar abu uku, watau ƙarko da amfani da kyau. Wannan magana ba ta da aibi. Aibin yana ga yadda ake ba da ita, domin ɗalibi yakan haddace kalmomin nan uku, ya zuba su a takardar jarrabawa, ya wuce, bai taɓa tambayar kansa amfanin wa ake nufi ba, ko kyau a idon wa.

Alhali kuwa falsafa tambaya ce, kuma abin tambayar yana ƙofar gidan ɗalibin. A dubi zaure. Don me baƙo yake tsayawa a nan, ya yi sallama, ya jira? Don me ba a yin ƙofofin gida a saiti ɗaya, har mai wucewa ya hango tsakar gida? Wanda ya amsa waɗannan ya gane cewa bango yana faɗin abin da jama'a suka ɗauka game da kunya da haƙƙin baƙo. Haka kuma Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, 1834 zuwa 1846. Ɗalibin da ya ga yadda aka ɗaura azara aka ta da bakan gizo da ƙasa, ya ga ƙarko da kyau a abu guda.

Amma fa kada malami ya zarce ya mai da darasin kirarin ginin gargajiya. Labarin Hasan Fathi na Masar ya isa gargaɗi. Daga 1945 zuwa 1948 ya gina Sabuwar Gurna kusa da Luksor da tubalin ƙasa, gini mai sanyi da araha, duk da haka yawancin mutanen da aka yi dominsu suka ƙi komawa, saboda abincinsu yana tsohon mazauninsu. Ashe kyan tsari bai wadatar ba in ba a shawarci mai zama ba.

To, gyaran da ya kamata shi ne a juya tsarin. A fara kai ɗalibi gaban gini, ya auna, ya zana, ya tambayi magini da masu gida, sa'an nan a ba shi Bitirubiyas ya gwada maganarsa da abin da ya gani. In ba haka ba, za a yaye masu zana gidajen da su kansu ba su san dalilinsu ba, jama'a kuwa su ne za su kwana a ciki.