Wasan Samarinmu Na Sallah: Ina Ma An Tsaya A Kan Keken Ɗinki

Wasan kwaikwayon da samarin unguwa suka yi mana washegarin Sallah labarin gidajenmu ne. Wani tela ya sayar da kekensa, ya haɗa da kuɗin adashen mahaifiyarsa, ya miƙa wa ejan da ya yi masa alkawarin aiki a Dubai. Ana cikin jira aka rufe biza, ejan ya kashe waya. Duk wanda yake nan Sabon Ibadan a 2022, lokacin da Daular Larabawa ta daina ba 'yan Najeriya biza har tsakiyar 2024, ya san ba ƙirƙira ba ce.

Tsakiyar wasan ta yi kyau ƙwarai. Yaron ya riga ya yi sallama da kowa, har walima an ci, ga shi yanzu yana laɓe a ɗaki don kada a majalisa a kira shi "Alhaji na Dubai". Mun yi dariya, sannan muka yi tsit, don wallahi mu ne masu wannan tsokanar. Uwar kuwa ko sau ɗaya ba ta ambaci adashenta ba, sai dai ta ajiye masa tuwo ta fita. Wanda ya tsara wannan shirun ya san aikinsa.

Sai wurin da ya fi ko'ina: ya koma shagon tsohon maigidansa, ya ce, "Oga, a ba ni aron keke." Ya zauna yana ɗinka wa 'yan Islamiyya kayan makaranta, wani yaro na gefe yana koyon sa zare. Ba wa'azi, ba kiɗa. Nan muka ga mutum ya karɓi ƙaddara kuma ya sami abin da zai tashi dominsa da safe.

To, me ya kawo kawu daga Kano da jakar kuɗi a ƙarshe? Haba! Cikin minti biyar tela ya zama attajiri, ejan ya dawo yana roƙon gafara. Wato haƙuri ba ya kai sai an biya shi nan take da miliyoyi? A cikin 'yan kallo akwai waɗanda kuɗinsu ya tafi, kuma ba su da kawun da zai zo. Wasan ya gama nuna musu cewa komawa kan sana'a ba abin kunya ba ne, sai ya juya ya ce musu ai na wucin gadi ne.

Kuma an bar wata dama. Kakanninmu da suka kafa Sabo a 1916 fataken goro da shanu ne, baƙi a ƙasar Yarabawa. Da an sa tsoho ɗaya ya tuna wa yaron cewa nan ɗin ma wani ya taɓa barin gida ya zo nema, da ya fi kawun amfani.

Mun ji za a sake nuna wasan. Roƙonmu ga samarin: a cire kawu, a rufe labule tela na kan keke.