Yammaci Ɗaya Ko Shekara Arba'in? Sharhi Kan Yadda Jared Diamond Ya Karanta Faɗuwar Daular Inka

Tsakure

Wannan maƙala ta duba babi na uku na littafin Jared Diamond mai suna Guns, Germs, and Steel, wato Bindigogi, Ƙwayoyin Cuta da Ƙarfe, inda ya yi bayanin yadda Sifaniyawa suka kama Sarkin Inka Atahualpa. An auna hujjojinsa da ruwayoyin da 'yan ƙasar Peru suka bari. Maƙalar ta gano cewa marubucin ya jingina da bakin waɗanda suka ci yaƙi, ya kuma taƙaita gwagwarmayar shekara 40 zuwa abin da ya faru a yammaci ɗaya.

1.0 Gabatarwa

Ranar 16 ga Nuwamba 1532, Francisco Pizarro da rundunarsa ta mutum 168 suka yi wa Atahualpa kwanton ɓauna a dandalin garin Cajamarca da ke tsaunukan arewacin Peru. Kafin dare ya yi sun hallaka dubban mabiyansa, sun kama shi da rai, ba tare da sun rasa mutum ko ɗaya ba. Diamond ya ɗauki wannan rana a matsayin madubin da za a ga dalilin da ya sa Turawa suka mamaye sauran nahiyoyi. Littafin ya fito a 1997, ya ci kyautar Pulitzer a 1998, kuma ga masu karatu da yawa shi ne ƙofarsu ta farko zuwa tarihin Inka. Saboda haka ya cancanci a sa hujjojinsa a sikeli.

2.0 Inda Marubucin Ya Dace

Manufar Diamond ita ce rushe da'awar fifikon launin fata, wannan kuwa abin yabo ne. Ya nuna cewa bindigogin Pizarro kaɗan ne, kuma aikinsu bai wuce firgitarwa ba. Abin da ya yi ɓarna shi ne doki da takobin ƙarfe da sulke, a gaban mayaƙa masu kulake da majajjawa da rigunan auduga irin na lifidi. Haka kuma ya tuna da annobar da ta kashe Sarki Huayna Capac wajen 1527, wadda ta buɗe ƙofar yaƙin basasa tsakanin 'ya'yansa biyu, Huascar da Atahualpa. Waɗannan dalilai suna da ƙarfi, babu mai ja da su.

3.0 Matsalar Madogara

Rauni na farko yana cikin majiyoyin da aka yi amfani da su. Diamond ya saƙa labarin Cajamarca daga shaidun abokan tafiyar Pizarro. Irin waɗannan rahotanni, kamar na sakatarensa Francisco de Xerez da aka buga a Seville a 1534, an rubuta su ne domin Sarkin Sifaniya ya gamsu ya ba da lada da muƙami. Masanin tarihi Matthew Restall ya yi wannan bayani a littafinsa na 2003 kan tatsuniyoyin mamayar Sifaniyawa. Mai neman lada dole ya kambama jaruntakarsa, ya rage ambaton waɗanda suka taimake shi, ya kuma nemo laifin da zai halatta kisan da ya yi.

Labarin littafin addu'a ya isa misali. A ruwayar Xerez, limamin coci Vicente de Valverde ya miƙa wa Atahualpa littafi, shi kuwa ya yi jifa da shi cikin girman kai, sai aka auka masa. Amma Titu Cusi Yupanqui, ɗan Manco Inka, wanda ya yi shiftar tasa ruwayar a 1570, ya ce tun da farko Atahualpa ya ba wani Basifaniye giyar masara a ƙoƙon zinariya, baƙon ya zubar da ita. Ke nan jefar da takardar ramuwa ce ta wulaƙanci da wulaƙanci. Garcilaso de la Vega kuwa ya ɗora laifin a kan tafinta, ya ce littafin faɗuwa ya yi daga wurin limamin. Su ma waɗannan marubuta suna da buƙatunsu, kuma ba su halarci dandalin ba. Duk da haka, mai nazari ba shi da uzurin sauraren ɓangare ɗaya a shari'ar da kowa ke da abin faɗa.

4.0 Shin Rashin Rubutu Ne Ya Jefa Atahualpa Tarko?

Hujjar Diamond mafi rauni ita ce ta rubutu. A ganinsa, Sifaniyawa sun gaji ilimin halayen ɗan Adam daga littattafai, shi kuwa Atahualpa bai da wannan gado, shi ya sa ya faɗa tarko. Sai dai Pizarro kansa bai iya karatu ba, kamar yadda marubucin ya amsa. Atahualpa kuma ya fito ne daga yaƙin basasa mai cike da makirci, inda kwamandojinsa suka kama Huascar. Mutumin da ya yi wannan nasara bai buƙatar littafi kafin ya san yaudara. Kuskurensa na lissafin soja ne: ya raina 'yan tsirarun baƙi a tsakiyar ƙasarsa, ya shiga dandali mai ƙunci da mutanen da galibinsu ba su riƙe da makamin yaƙi.

Bugu da ƙari, Inka suna da khipu, igiyoyi masu ƙulli-ƙulli da suke adana ƙidaya da lissafin haraji da su. Bayan mamayar, shugabannin Huanca sun gabatar wa hukumomin Sifaniya a Lima lissafin mutane da abinci da kayayyakin da suka ba Pizarro, an kuma karanto shi ne daga khipu. Wannan shaida guda ta nuna abu biyu: akwai tsarin adana bayani, akwai kuma gudummawar 'yan ƙasa.

5.0 Shekara Arba'in da Aka Taƙaita

Kashe Atahualpa a 1533 bai kawo ƙarshen daular ba. A 1536 Manco Inka ya yi wa Cusco ƙawanya ta kusan wata 10. Kwamandansa Quizo Yupanqui ya murƙushe rundunonin agaji da aka turo daga Lima ta hanyar gangaro musu da duwatsu a matsattsun hanyoyin tsauni, inda doki ba shi da amfani. A Ollantaytambo, Manco ya malala ruwa a fili ya kori dawakin Hernando Pizarro. Sifaniyawa sun tsira ne da taimakon Cañari da Chachapoya da Huanca, al'ummomin da Inka suka ci da yaƙi a baya, sannan daga bisani Paullu, ɗan'uwan Manco, ya koma ɓangarensu. Diamond ya ambaci waɗannan abokan ƙawance, amma ya ɗauke su a matsayin masu bin wanda ya yi rinjaye. Wannan ya tauye su, domin suna da nasu lissafin siyasa da tsohuwar gaba. Ragowar daular ta ci gaba a Vilcabamba har 1572, lokacin da wakilin Sarkin Sifaniya, Francisco de Toledo, ya sa aka fille kan Tupac Amaru a Cusco.

6.0 Kammalawa

Babin Diamond ya amsa tambayar yadda mahaya ƙalilan suka tarwatsa taro a dandali ɗaya. Bai amsa yadda aka ci daula mai miliyoyin mutane ba. Amsar wannan tana cikin rabuwar kan gidan sarauta, da fushin al'ummomin da Inka suka danne, da dubban 'yan ƙasa da suka yi dako da yaƙi. Mai koyar da wannan babi ya kyautu ya haɗa shi da ruwayar Titu Cusi da littafin John Hemming na 1970 kan mamayar Inka, domin ɗalibi ya ji daga bakin wanda ya ci yaƙi da kuma wanda aka ci.