Tarihi da Ƙage a Cikin The Eagle of the Ninth: Taƙaitaccen Sharhi

1.0 Gabatarwa

Ɗalibanmu masu sha'awar rubuta ƙagaggen labari kan tarihi sukan tambaye mu iyakar 'yancin marubuci a inda tarihi ya yi shiru. Wannan maƙala za ta duba tambayar ta hanyar nazarin littafin The Eagle of the Ninth, wanda Baturiyar Ingila Rosemary Sutcliff ta wallafa a 1954 kan Runduna ta Tara ta daular Rum.

2.0 Abin da Tarihi Ya Tabbatar

Wannan runduna, mai mayaƙa kimanin 5,000, ta daɗe tana yaƙi a Birtaniya bayan da Rumawa suka afka wa tsibirin a shekara ta 43 Miladiyya. Masanin tarihi Tasitus ya ruwaito cewa a boren Sarauniya Budika, wajen shekara ta 60, an karkashe dakarunta na ƙasa, sai kwamandanta ya tsira da mahaya dawaki. Wajen shekara ta 71 ta kafa sansani a Yok. Daga baya kuma mutanen Kaledoniya, wato Sikotilan ta yau, suka kai mata harin dare a zamanin gwamna Agirikola. Rubutu na ƙarshe mai shekara da ta bari a Birtaniya yana kan wani dutse a Yok, na wajen shekara ta 108.

3.0 Abin da Marubuciya Ta Ƙaga

Sutcliff ta ɗauka cewa rundunar ta nausa arewa wajen shekara ta 117, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ta haɗa wannan da wata gaggafar tagulla marar fukafukai da aka tono a Silcesta a 1866. Tauraron labarin, Markus, ɗan wani hafsan rundunar, ya ɓad da kama a matsayin mai maganin ido, ya tsallake ganuwar Hadiriyan tare da Eska, bawan da ya 'yanta, don ƙwato gaggafar, wadda ita ce tutar rundunar, ya wanke sunan mahaifinsa.

Bincike ya raunana ginshiƙan nan biyu. Tubalan da aka tono a Naimegan ta ƙasar Holan suna ɗauke da hatimin rundunar, abin da ya sa wasu masana ke ganin ta bar Birtaniya da ranta. Gaggafar Silcesta kuwa, masana sun ce ba tutar yaƙi ba ce.

4.0 Sharhi

A ganinmu wannan bai rushe littafin ba, domin marubuciyar ta yi ƙage ne a gurbin da hujja ba ta cike ba a zamaninta. Ƙarfin littafin ma yana inda ta ƙi yi wa rundunar kirari. Ta bakin wani tsohon hafsa da ya saje da mutanen arewa, Markus ya ji cewa rundunar ta ruɓe tun daga ciki, har ta yi tawaye kafin abokan gaba su gama da ita.

Rauninsa yana wani wuri dabam. Mu da kakanninmu suka ga zuwan Turawa, ba ma iya karanta labarin ba tare da tambayar ƙasar wa aka mamaye ba. An kashe dangin Eska a yaƙi da Rumawa, amma zubin labarin ya sa shi ya sadaukar da kansa don dawo da tutarsu. An nuna ƙabilun arewa da mutunci, sai dai idon da ke kallonsu na Barume ne daga farko har ƙarshe.

5.0 Kammalawa

Don haka muna ba ɗalibanmu shawara: tarihi yana yafe wa marubuci cike gurbi, muddin bai ƙaryata abin da aka tabbatar ba. Abin da mai nazari zai tuhume shi a kai shi ne bakin da ya zaɓa ya ba da labarin, da wanda ya bari ba murya.