Bulala da Karin Magana: Sharhi a kan Hujjojin Masu Gardamar Dukan Yara a Ƙasar Kabi da Gwandu

Gardamar dukan yara daɗaɗɗiya ce a ƙasar Hausa, har yanzu kuwa ba ta kwanta ba. A Birnin Kebbi da Argungu, kamar sauran garuruwan bakin Gulbin Rima, ana yinta a zauren malam, da ofishin hedimasta, da tsakar gida. Abin lura shi ne, in ta yi zafi da wuya a ga wanda ya ɗauko littafi. Kowa karin magana ya ke jawowa, ya kafa ta kamar shaidar da ba a ja da ita. Nufin wannan takarda shi ne a gurfanar da waɗannan shaidu, a ji ko abin da a ke jingina musu shi suka faɗa. Al'amarin ba na wasa ba ne, gama ɗalibin da ya fita Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu bana, baɗi aji guda za a damƙa masa, kuma da abin da ya zaci koyarwar magabata ce zai shiga.

Shaida ta fari ita ce, “Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.” Masu goyon bayan bulala sun fi son wannan, amma in an duba kalmominta ba duka a ciki. Aikatau ɗin da ke ɗauke da maganar shi ne “tanƙwara”. Masuncin Argungu da ke lanƙwasa icce don ya ɗaura homa ya san aikin na sannu ne, in ya sa ƙarfi fiye da kima sai iccen ya karye, ya yi hasara. Ashe maganar lokaci ta ke yi, watau a fara gyara da wuri. Ba ta ce ga abin da za a riƙa a hannu ba.

Ta biyu ita ce, “Jiki ya fi kunne ji.” Wannan kam ba a musu, duka ta ke nufi. Sai dai karin magana ba ta cika tafiya ita kaɗai ba. Bakin da ya faɗi wannan shi ya ce, “In kunne ya ji, jiki ya tsira.” In an jera su sai a ga Bahaushe ya sa kunne gaba, jiki a baya. Haka kuma “Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi.” Ƙin da a ke nufi nan shi ne ƙin shagwaɓa yaro, akwai kuwa hanyoyin hana shagwaɓa da yawa waɗanda ba su tsaga fata.

Wani abin da ke rikita gardamar shi ne kalmar “horo”. Da ita a ke cewa an yi wa mai laifi horo, da ita kuma a ke cewa makarantar horon malamai. Kalma ɗaya ta ɗauki koyarwa da azabtarwa, don haka mutum biyu su kan yini suna jayayya, wannan yana nufin ɗaya, wancan yana nufin ɗayar. Wanda ya ce yaro ba ya tashi sai da horo ya faɗi gaskiya, amma bai kafa hujjar dorina ba tukuna.

Akwai kuma maganar da a kan gaya wa almajiri, wai duk inda bulalar malam ta taɓa wuta ba ta ci. Wannan ta wuce karin magana, ta shiga da'awa a kan addini, saboda haka da littattafan malamai ya kamata a auna ta. Hadisin da a ke kafa hujja da shi, wanda Abu Dawuda ya ruwaito, ya yi umurni a sa yara salla suna da shekara 7, bai ambaci duka ba sai a shekara 10. Tsakani akwai shekara 3 na magana kawai. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyarwa, ya tsai da bulalar karatu a 3, ya hana a wuce 10. Ibnul Hajji, mai Madkhal, wanda ya rasu a 1336, ya nuna yara iri iri ne: wani ɗaure fuska ya ishe shi, wani sai an tsawata, ya kuma zargi malaman da ke duka da busassun sanduna. Ibnu Haldun, a cikin Muƙaddima tasa ta 1377, ya ce tsanani ya kan koya wa yaro ƙarya da ha'inci da kasala, domin tsoro ya kan sa shi ya nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba.

Waɗannan ba baƙi ba ne a ƙasar nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, wanda kuma fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi ke ɗauke da sunansa, ya taƙaita Madkhal a cikin littafinsa Lubabul Madkhal. Malaman nan ba su haramta duka ɗungum ba, wannan dole a faɗe shi. Amma sun ƙidaya shi, sun sa shi a ƙarshe, sun hana a yi shi cikin fushi. Malamin da ke fyaɗa ba ƙidaya, ko ya bar babban almajiri da tsumagiya a kan ƙanana, ba zai sami mafaka a wurinsu ba.

Masu ƙin bulala su ma akwai gyara a hujjarsu. Su kan ambaci ƙasar Suwidin da ta hana dukan yara ko a gida a 1979, da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, da dokar haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003. Duk gaskiya ne, amma uban da ke zaune a Argungu ya kan ji su kamar maganar Turawa, ya toshe kunne. Ya kan tuna kuma dokar Final Kot ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, sashe na 55 ya yarje wa uba da malamin makaranta su hori yaron da bai kai shekara 18 ba, muddin ba su yi masa mummunan rauni ba. Har wa yau, masu wannan ra'ayi ba su cika gaya wa malamin da aji ya cika masa maƙil abin da zai riƙe in ya ajiye bulala ba. Wanda aka karɓe wa makami ba a ba shi dabara ba, gobe zai yanko wata tsumagiya.

Abin da wannan bincike ya nuna shi ne, karin magana ba ta yanke hukuncin da a ke cewa ta yanke ba, littattafan da a ke karantawa a zaurukan Gwandu da Kabi kuwa sun fi kusa da mai sassauci bisa ga mai tsanani. Saboda haka ya kyautu malaman makarantun horon malamai su sa waɗannan karin magana da waɗannan littattafai cikin darasin tarbiyya, a warware su kalma kalma, tare da koya wa ɗalibai hanyoyin riƙe aji: tsara aiki, da yabo, da hana wasa, da kiran uba. Sabon malamin da ya san wannan, in wani dattijo ya ce masa icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, zai amsa da ladabi cewa haka ne, ya kuma tambaya a nuna masa inda aka ce a karya shi.