Waƙa da Zumunci a Wajen Hausawan Sudan: Tarken Muryoyi Biyu

Ɗalibin da ya karanta Waƙar Zuwan Annasara, wadda ake dangantawa ga Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, yakan tsaya a kan jigonta na hijira da salonta na gargaɗi, ya rufe littafi. Wannan karatu bai kai gaci ba, domin mutanen da suka amsa kiran nata ba a ƙasar Hausa suka ƙare ba. Bayan an kashe Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sannar.

Ba sarakuna da malamai kaɗai suka bi wannan hanya ba. Akwai talakawa, akwai kuma bayi masu yawa. Turawan da aka gudar wa, su ne aka tarar a Sudan, kuma suna neman ƙwadago, don hana bauta ya rage hannuwa a gonaki. Da aka buɗe gandun auduga na Jazira a 1925, Hausawa suka zama 'yan ƙwadago, mafi yawansu ba su da gonar kansu. A nan ne gazawar waƙar take. Ta ba masu ƙaura suna mai daraja, wato muhajirai, kuma sunan ya haɗa kansu. Amma murya ce ta fada da zaure. Wanda ya ɗauko kayan ubangidansa a ka har Sudan ba a jin tasa a ciki.

Murya ta biyu ita ce ta A'isha Musa Ahmad, wadda aka sani da A'isha Fallatiya, haifaffiyar Kassala, 'yar malami, wadda ta rasu a 1974. A farkon shekarun 1940 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Umdurman. Abin lura shi ne kiɗan da ta yi suna da shi, wato tumtum, wanda masana tarihi suke dangantawa da 'yantattun kuyangi na biranen Sudan. Ke nan 'yar alhazai ta ɗauki kiɗan 'ya'yan bayi, ta kai shi rediyo, tana ɗauke da laƙabin Fallata, kalmar da ake yi wa 'yan Afirka ta Yamma gori da ita. Zumuncin da ke cikin wannan ya fi na waƙar Attahiru faɗi, ko da yake ba da Hausa aka ƙulla shi ba.

Wani zai ce tun da da Larabci ta shahara, ba ruwan adabin Hausa da ita. Wannan hujja tana da ƙarfi a ajin nahawu, amma a ajin tarke ba ta isa ba, sai dai idan za a ce Bahaushe yana daina zama Bahaushe ranar da ya canza harshen waƙa. Kuma ɗaukakar da ta samu ba ta warware matsalar ƙasa ba. A watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta, aka ce musu baƙi ne, fiye da shekara 100 bayan kafa Mai Wurno. Hausawan Kassala, mahaifar A'isha, suna cikin waɗanda suka fito zanga-zanga.