Majami'ar Notar Dam da Masu Gyaranta

A tsakiyar birnin Faris, bisa wani tsibiri cikin kogin Sen, akwai wata majami'a da a ke kira Notar Dam. An sa harsashinta cikin 1163, zamanin wani babban limamin Kirista, Moris na Suli, ba a kuwa gama ba sai wajen 1345.

Gwanintar maginanta ba a tsawon hasumiyoyin nan biyu na gaba ta ke ba, ko da ya ke kowace ta kai ƙafa 226. Tana wurin bango ne. Kowane magini ya san rufi mai nauyi ya kan tura bango waje, sai a ƙara masa kauri, ɗaki ya yi duhu. Su kuwa sai suka tayar da ginshiƙai a waje, suka miƙa bakunan dutse daga kansu suka tokare bangon. Da nauyi ya sami wurin sauka, sai aka huda bango aka sa tagogi na gilashi mai launi, har da waɗansu kewayayyu biyu, kudu da arewa, masu faɗin ƙafa 40 da ɗoriya.

Amma ba duk abin da baƙo ya ke gani ne aikin mutanen dā ba. Cikin 1793, lokacin juyin mulkin Faransa, jama'a suka fille kawunan siffofi 28 na sarakunan Yahuda, suna tsammani na sarakunansu ne. Gini ya yi ta lalacewa, har Victor Hugo ya rubuta littafi a kansa cikin 1831, mutane suka ji kunya. Aka danƙa gyara a hannun Viollet-le-Duc da abokinsa Lassus, aiki ya kai 1864.

Yabo ya kamaci wannan mutum, gama ba domin shi ba da ginin bai kawo yanzu da kyansa ba. Duk da haka akwai abin zargi. An ba shi amanar gyara, ya zarce ya yi ƙari, ya kuma saje nasa da na dā har ba a rarrabewa. Dodannin dutse da ke leƙen birni daga sama, waɗanda a ke yawan ɗaukar hotonsu a ce na zamanin dā ne, nasa ne. Hasumiya mai tsini ta tsakiya, wadda aka sauke tun ƙarshen ƙarni na 18, ya mayar da ita, amma ya ƙara mata tsawo ta kai ƙafa 315. Har ma ya sa aka yi wa siffar manzo Toma fuska irin tasa, tana waiwaye tana duban hasumiyar. Magini ba ya rasa son a tuna da shi.

Ran 15 ga Afrilu 2019 gobara ta cinye katakon rufi da darmarsa, hasumiyar ta faɗi. Tagogin nan kewayayyu suka tsira. Sa'an nan gardama ta tashi: waɗansu suka ce a yi sabon fasali irin na zamani, waɗansu suka ce a mayar yadda ta ke. Cikin 2020 aka tsaya a kan mayarwa, aka buɗe majami'ar ran 7 ga Disamba 2024.

Shawarar ta yi daidai, domin zanen Viollet-le-Duc yana nan ajiye, na hasumiyar farko kuwa ba a da cikakkensa, yin ta sai da kintace. Sai dai masu cewa an mayar da gini na zamanin dā sun faɗi rabin gaskiya. Yawancin bangon na ƙarni na 12 da na 13 ne. Hasumiyar da masassaƙa suka tayar kuwa kwaikwayon ta 1859 ce, ita ma kwaikwayon wata ce da mai yinta bai taɓa gani da idonsa ba.