Ruwan Bam a New York: Bitar Littafin H. G. Wells

Yaƙin da ke cikin The War in the Air ba a taɓa gwabza shi ba. H. G. Wells ne ya ƙago shi ya buga a 1908, shekara biyar kacal bayan 'yan'uwan nan Wright sun fara tashi da jirgi a Amurka a 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano. Sai a 1911 wani matuƙin Italiya ya fara jefa bam daga jirgi mai inji, kusa da Tarabulus. Wato Wells ya riga masu abin hango shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ya zaɓa ya zama idonmu. Bert Smallways mai gyaran keke ne, irin wanda za ka tarar a gefen titin Kazaure ko kasuwar Babura da famfo da faci, ba ruwansa da siyasar duniya. Tsautsayi ya ɗaga shi a balan-balan daga Ingila ya sauke shi a Jamus, aka zaci wani babban mai ƙirƙira ne, aka sa shi a Vaterland, ƙaton jirgi irin na Zeppelin, ƙarƙashin Yarima Karl Albert.

Babin New York shi ne ƙashin bayan littafin, kuma a natse Wells ya gina shi. Da jiragen Jamus suka far wa birnin, hukumarsa ta miƙa wuya. Jama'ar gari suka ce ba su san zancen ba, har suka harbo jirgi guda. Yarima ba shi da sojan ƙasa da zai riƙe gari, sai ya sa aka bi titin Broadway da ruwan bam. Bert yana leƙe daga sama, mutane sun zama 'yan ɗigo-ɗigo masu gudu, babu fuskar da zai gane balle kuka ya iso shi. Wannan tazara ce ta fi tayar min da tsigar jiki. A nan kuma hujjar Wells take: jirgi yana iya rusa gari, amma ba ya iya mulkarsa, shi ya sa yaƙin ya ƙi ƙarewa. Wanda ya tuna harin da jirgin Biyafara ya kai filin jirgin Kano a Agusta 1967 ba zai ɗauki batun almara zalla ba.

Littafin yana da nasa rauni. Wells kan ajiye labari ya shiga wa'azi shafi bayan shafi, mai karatu yana jiran Bert. Karin harshen talakan Landan da ya rubuta yadda ake furta shi zai wahalar da wanda Turancinsa na makaranta ne. Edna, budurwar Bert, suna ce kawai. Yadda ya zana mutanen Sin da Japan ma akwai raini irin na Turawan zamaninsa, kuma ban ga dalilin yi masa uzuri ba.

Duk da haka ya cancanci a karanta. Wells ya rasu a 1946, littafin yana intanet kyauta. Ina kira ga ɗaliban kwalejin Hussaini Adamu da ke Kazaure su neme shi, wani mai alƙalami kuma ya daure ya fassara mana shi zuwa Hausa.